Aron Baki a Waƙoƙin Farko na David Bowie (1964–1972): Nazarin Muryar da ke Magana a Cikin Waƙa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin waƙoƙi da kundayen farko na David Bowie, mawaƙin rok ɗan ƙasar Ingila, tun daga ƙaramin faifansa na farko na 1964 har zuwa kundin 1972 wanda ya fito da sunansa a idon duniya. Manufarta ita ce gano wanda ke magana a cikin waɗannan waƙoƙi, domin lamirin "ni" da ake ji a bakin mawaƙin sau da yawa na wani tauraro ne da ya ƙaga. An bi waƙoƙin bisa jerin fitowarsu, ana duba mai magana da wanda ake yi wa maganar a kowace waƙa. Nazarin ya gano matakai huɗu da dabarar ta bi kafin ta nuna: kwaikwayon muryar wasu mawaƙa, da shiga bakin taurarin gajerun labarai, da raba murya gida biyu, da kuma mayar da mawaƙin kansa tauraro. Daga ƙarshe an nuna amfanin yin wannan tambaya ga manazarcin waƙoƙin Hausa, musamman na fina-finai da na situdiyo.

1.0 Gabatarwa

Hanyoyin feɗe waƙa da aka saba da su a sassan nazarin Hausa, kamar wadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa da wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa waƙar baka, suna farawa da tarihin mawaƙi da salsalar waƙa, sannan su shiga jigo ko turke, da zubi da tsari, da salo. Wannan tsari ya dace da akasarin waƙoƙin da aka gina shi dominsu. Makaɗin fada idan ya tsaya gaban ubangidansa da bakinsa yake magana, har yakan ambaci sunansa ya yi wa kansa kirari. Malamin da ya rubuta waƙar wa'azi shi ma ra'ayinsa yake bayyanawa, yakan kuma rufe ta da sunansa da ramzin shekarar da ya yi ta. A irin waɗannan waƙoƙi, tarihin mawaƙi mabuɗi ne na fahimtar abin da aka faɗa.

Matsala tana tasowa ne idan aka gamu da mawaƙin da ya ɗauki al'adar yin magana da bakin wani. Wanda ya ɗauki kalmomin irin wannan waƙa a matsayin furucin zuciyar mawaƙi zai ɗora masa aƙidar da ba tasa ba, ya kuma kuskure wa ainihin saƙon. Bahaushe yana gargaɗi da cewa kada a ari bakinsa a ci masa albasa, wato kada a faɗi magana da yawunsa. Daga nan aka samo kalmar "aron baki" da aka yi amfani da ita a wannan maƙala, da nufin dabarar da mawaƙi kan ƙagi wani mutum ya sanya masa kalmomi, sannan ya rera su kamar shi ne wannan mutumin. An zaɓi David Bowie ne saboda a cikin shekaru takwas na farkon sana'arsa ana iya ganin yadda dabarar ta tsira ta girma mataki bayan mataki, kuma kwanakin fitowar faya-fayansa a rubuce suke.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mawaƙin

An haifi David Robert Jones a ranar 8 ga Janairu 1947 a unguwar Brixton da ke kudancin Landan. A 1953 iyayensa suka koma Bromley, a bayan gari. Mahaifinsa ma'aikaci ne a ƙungiyar Barnardo's mai kula da yara marasa galihu. Yayansa da suka haɗa uwa, wanda ya girme shi da shekara goma, shi ya fara nuna masa kiɗan jaz da littattafan zamani. Daga baya ciwon taɓin hankali ya kama wannan yaya har aka kwantar da shi a asibitin Cane Hill, lamarin da ya bar tabo a waƙoƙin ƙanen. David ya koyi busa saksafon, ya bar makaranta a 1963 yana ɗan shekara 16, ya ɗan taɓa aiki a wani kamfanin talla, sannan ya rungumi kiɗa gaba ɗaya. Ya rasu a ranar 10 ga Janairu 2016.

A zamanin da ake magana, waƙa tana fita kasuwa ta hanya biyu. Akwai ƙaramin faifai mai ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska, wanda ake auna karɓuwarsa da jadawalin ciniki na mako-mako. Akwai kuma babban faifai, wato kundi, mai ɗaukar kimanin minti arba'in na waƙoƙi a jere. Wannan bambanci yana da muhimmanci a nan, domin tauraron da aka ƙaga a ƙaramin faifai minti uku ne rayuwarsa, na kundi kuwa yana da filin da zai yi girma.

3.0 Matakin Farko: Kwaikwayon Muryar Wasu (1964–1966)

Faifansa na farko, "Liza Jane", ya fito a watan Yuni 1964 da sunan Davie Jones tare da ƙungiyar King Bees. Tsohuwar waƙar Amurka ce aka sake wa tufafi. A watan Maris 1965 ya fito da "I Pity the Fool" tare da ƙungiyar Manish Boys, ita ma waƙar Bobby Bland ce, mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka, wadda ya yi a 1961. A nan ana jin saurayi Bature ɗan shekara 18 yana matse maƙogwaro domin ya yi kukan zucin dattijon da duniya ta gasa. Daga nan ya koma ƙungiyar Lower Third, a watan Agusta na shekarar suka fitar da "You've Got a Habit of Leaving", wadda shi ya rubuta ta, amma duk kiɗanta bin sawun ƙungiyar The Who ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan faya-fayai da ya yi kasuwa.

A ƙarshen 1965 ya sauya suna domin kada a riƙa rikita shi da wani mawaƙi mai suna Davy Jones, wanda daga baya ya yi suna a ƙungiyar The Monkees. Ya aro "Bowie" daga Jim Bowie, mayaƙin Amurka na ƙarni na 19 wanda ake kiran wata irin wuƙa da sunansa. Faifan farko da ya ɗauki sabon sunan shi ne "Can't Help Thinking About Me" na Janairu 1966, a kamfanin Pye. Labarin saurayi ne da ya jawo wa gidansu abin kunya, yana tsaye a tashar jirgin ƙasa zai bar gari. Abin lura shi ne budurwar da ke cikin waƙar ta kira saurayin da sunan mawaƙin na yanka a taƙaice. Wannan ya yi kusa da ambaton kai da aka sani a waƙar baka ta Hausa, sai dai a nan sunan na gaskiya ne, labarin kuwa ƙagagge.

Waƙar da ta fi nuna inda aka dosa a wannan mataki ita ce "The London Boys", wadda ta fito a bayan faifan "Rubber Band" a watan Disamba 1966. Mai magana yana fuskantar wani ɗan shekara 17 da ya bar iyayensa ya shiga samarin tsakiyar Landan, ya koyi shan ƙwayoyi domin a karɓe shi. Da lamirin mutum na biyu aka gina kusan dukkan waƙar, ana ce masa ka yi kaza, ka zama kaza. Mawaƙin ya ja da baya ya zama ɗan kallo, ya bar tauraron a tsakiyar fage. Abin da aka ara a wannan mataki sauti ne da lafazi. Aron mutum sukutum bai zo ba tukuna.

4.0 Mataki na Biyu: Taurarin Gajerun Labarai (1967)

Kundinsa na farko mai suna David Bowie ya fito a ranar 1 ga Yuni 1967 a kamfanin Deram, Mike Vernon ne ya kula da ɗaukarsa, yana ɗauke da waƙoƙi 14 a bugun Birtaniya. Ya fito a daidai kwanakin da kundin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na ƙungiyar The Beatles ya cika kasuwa, bai kuma samu masu saye ba. Masu sharhi sun daɗe suna kallonsa a matsayin ɓatan kai, domin kiɗansa ya yi nisa da rok: ƙahonni ne da goge irin na Turawa da kiɗan gidajen wasan barkwanci na tsohuwar Ingila, muryar kuma kwaikwayon Anthony Newley ce, ɗan wasa kuma mawaƙi mai rera waƙa da karin harshen talakawan Landan. Idan aka duba kundin ta fuskar mai magana kuwa, sai a ga a nan ne aka aza harsashin duk abin da ya biyo baya.

Kusan kowace waƙa gajeren labari ce mai tauraro da matsala da ƙarshe. "Uncle Arthur" labarin tuzuru ne da ya haura shekara talatin yana zaune da mahaifiyarsa, ya yi aure, sannan ya gudo gida saboda amarya ba ta iya girki ba. "Little Bombardier" tsohon soja ne da kaɗaici ya dama, ya samu sanyin zuciya wurin wasu yara biyu, zargin mutanen gari ya sa aka kore shi. "She's Got Medals" mace ce da ta yi shigar maza ta shiga soja. A waɗannan uku mawaƙi mai ba da labari ne daga gefe, kamar mai tatsuniya.

A wasu ukun kuwa ya shiga bakin tauraron kai tsaye. Mai magana a "Rubber Band" tsoho ne da ya tafi Yaƙin Duniya na Farko, ya dawo ya tarar masoyiyarsa ta auri shugaban makaɗan da suke zuwa kallo tare. Wanda ya rera ta kuwa bai wuce shekara 20 ba. A "We Are Hungry Men" mai magana wani ne da ya naɗa kansa mai ceton duniya daga yawan jama'a, yana kawo shawarwari na rashin imani, har taron da yake yi wa jawabi ya juyo kansa ya cinye shi. An cire wannan waƙa daga bugun Amurka. Ta ƙarshe, "Please Mr. Gravedigger", ba ta da kayan kiɗa ko ɗaya. Ruwan sama ne da tsawa da ƙararrawa da sautin haƙa, sai muryar mutum mai mura yana atishawa a maƙabarta, yana gaya wa mai haƙar kabari cewa shi ya kashe yarinyar da aka binne, kuma shi ma mai haƙar ya shirya. Wannan ta fi kusa da wasan kwaikwayon rediyo fiye da waƙa.

Manazarcin da ya nemi furucin gundarin jigo a layukan "We Are Hungry Men" ya jingina shi ga mawaƙi, zai fito da sakamakon cewa Bowie yana kira a rage mutane da ƙarfi. Saƙon waƙar yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da tauraro yake faɗa da abin da ya same shi a ƙarshe. Jigon yana zaune a ginin labarin, saboda haka sai an kai ƙarshen waƙa ake iya kama shi.

5.0 Mataki na Uku: Murya Ta Rabu Biyu (1968–1970)

Bayan kundin ya faɗi, Bowie ya shiga koyon wasan kwaikwayo na ishara, wanda ake yi da jiki da fuska ba tare da magana ba, a wurin Lindsay Kemp. Ya fito a wasan Kemp mai suna Pierrot in Turquoise, wanda aka fara nunawa a Oxford a ƙarshen Disamba 1967. A nan ya koyi shafa fenti a fuska da sarrafa jiki domin zama wani mutum a kan dandamali. A 1968 ya rabu da kamfanin Deram bayan an ƙi fitar da wasu waƙoƙin da ya kai.

5.1 "Space Oddity"

An ɗauki wannan waƙa a situdiyon Trident a ranar 20 ga Yuni 1969, aka fitar da ita ranar 11 ga Yuli, kwana biyar kafin tashin kumbon Apollo 11. Sunanta wasa ne da sunan fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, 2001: A Space Odyssey. Tony Visconti, wanda ke kula da ɗaukar sabon kundin Bowie, ya ƙi taɓa ta domin yana ganin cin kasuwar zuwa wata ne kawai, sai Gus Dudgeon ya karɓa. Ta kai matsayi na 5 a jadawalin cinikin Birtaniya, ita ce nasararsa ta farko bayan shekara biyar yana faɗuwa. Da aka sake fitar da ita a 1975 ta kai matsayi na 1.

Zubin waƙar tattaunawa ce tsakanin masu kula da kumbo a ƙasa da ɗan sama jannati mai suna Major Tom, kuma mutum ɗaya ne yake rera ɓangarorin biyu. Na ƙasa suna ba da umarni, suna ƙirga lokacin tashi, suna taya shi murna da tambayoyin 'yan jarida marasa ma'ana. Shi kuma yana amsawa daga sama, yana kallon duniya daga nesa, yana jin ba shi da abin da zai iya yi. Daga nan sadarwa ta yanke, na ƙasa suna ta kira babu amsa, shi kuma ya ci gaba da shawagi. Waƙar ba ta bayyana ko na'ura ce ta lalace ko shi ne ya zaɓi ya tafi ba. Babu mai ba da labari da zai raba gardama, mai sauraro ne aka bar wa hukunci.

Yana da kyau a tuna cewa wannan tafiya ta zuwa wata ta shiga waƙar baka ta Hausa, domin Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Abu ɗaya ne ya motsa mawaƙan biyu, amma matsayinsu ya bambanta. Shata yana nan a matsayinsa na Shata, yana siffanta wa jama'arsa abin mamaki. Bowie ya shige cikin kumbon da bakin wani, ya mayar da abin alfahari labarin kaɗaici.

Sauran kundin na Nuwamba 1969, wanda shi ma David Bowie aka sa masa suna, ya fi karkata ga magana da bakin kai. "Letter to Hermione" wasiƙa ce ga budurwar da ta rabu da shi. "Memory of a Free Festival" tuna bikin kiɗa ne na kyauta da ya taimaka aka shirya a Beckenham ranar 16 ga Agusta 1969, kwanaki kaɗan bayan rasuwar mahaifinsa. "Cygnet Committee", mai fiye da minti tara, ta fara da kukan wanda mabiya suka tatse, ta ƙare da muryar 'yan juyin juya halin da suka koma azzalumai. Kundin bai yi kasuwa ba. Waƙar da ya ari baki a cikinta ce ta karɓu, waɗanda ya buɗe cikinsa a cikinsu suka kwanta.

5.2 The Man Who Sold the World

An ɗauki kundi na uku a watannin Afrilu da Mayu 1970, ya fito a Amurka a Nuwamba 1970, a Birtaniya kuma a Afrilu 1971. Waƙoƙi tara ne, kiɗan kuma ya yi nauyi saboda zuwan Mick Ronson mai kaɗa jita da Mick Woodmansey mai ganguna, Visconti yana riƙe da jita mai kaurin amo. Masu magana a nan duk mutane ne da hankalinsu ya gusa ko ya rabu. A "All the Madmen" mai magana yana asibitin masu taɓin hankali, ya kuma gwammace zama da su a kan komawa cikin masu lafiya. Alaƙar wannan da ciwon yayansa a fili take. A "Running Gun Blues" soja ne da ya ɗanɗani kisa a yaƙin Biyetnam har ya kasa dainawa bayan an tsagaita. A "Saviour Machine" kwamfuta ce aka damƙa wa mulkin duniya, ta gaji da sauƙin aikin, ta fara barazana ga waɗanda suka ƙera ta.

Waƙar da kundin ya ci sunanta ita ce ƙololuwar wannan mataki. Mai magana ya gamu da wani a kan matakalar bene, suka yi hira, wancan ya ce shi abokinsa ne, shi kuwa yana zaton wancan ya daɗe da mutuwa. Yayin da waƙar ke tafiya sai lamiran "ni" da "shi" da "mu" suka cakuɗe, har aka kasa bambance mai tambaya da mai amsa. A "Space Oddity" muryoyi biyu na mutane biyu ne. A nan mutum ɗaya ne ya gamu da kansa.

6.0 Mataki na Huɗu: Mawaƙi Ya Zama Tauraro (1971–1972)

6.1 Hunky Dory

A farkon 1971 Bowie ya kai ziyararsa ta farko Amurka. Bayan ya dawo ya rubuta akasarin waƙoƙin Hunky Dory a kan fiyano. An ɗauke su a Trident tare da Ken Scott, Rick Wakeman yana kaɗa fiyano, Trevor Bolder ya maye gurbin Visconti. Kundin ya fito ranar 17 ga Disamba 1971 a kamfanin RCA da waƙoƙi 11. Waƙar buɗewa, "Changes", ta mayar da sauye-sauyen da ake yi masa gori a kansu abin tinƙaho. "Kooks" ya yi ta ne ga ɗansa da aka haifa a watan Mayu na shekarar. "Life on Mars?" labarin yarinya ce da ta yi faɗa da iyayenta ta shige gidan silima, ta tarar fim ɗin maimaicin rayuwar da ta gudo wa ne. Salsalarta ma ta aro ce: a 1968 an ba Bowie aikin sanya kalmomin Ingilishi a kan waƙar Faransanci mai suna "Comme d'habitude", aka ƙi nasa, Paul Anka ya rubuta wasu suka zama "My Way" ta Frank Sinatra. Bowie ya gina tasa waƙar a kan tafiyar kiɗa mai kama da waccan.

Waƙoƙi uku da ke fuska ta biyu ta faifan su suka fi shafar wannan nazari. "Andy Warhol" tana kallon mai zanen da ya mayar da kansa abin kallo kamar zanensa. "Queen Bitch" an yi ta ne da salon Lou Reed da ƙungiyar Velvet Underground. "Song for Bob Dylan" kuwa ana yi wa Robert Zimmerman magana ne, wato sunan yanka na Bob Dylan, ana ba shi labarin wani mutum wai shi Dylan, ana roƙonsa ya dawo da shi. Mawaƙin da ya bar sunan Jones ya zama Bowie ya gane cewa sunan da jama'a suke so riga ce da mai ita zai iya sawa ya tuɓe. Abin da ya rage shi ne ya ɗinka tasa da gangan.

6.2 Ziggy Stardust

Kundin The Rise and Fall of Ziggy Stardust and the Spiders from Mars ya fito ranar 16 ga Yuni 1972, ya kai matsayi na 5 a Birtaniya. Zaren labarinsa shi ne an sanar cewa saura shekara biyar duniya ta tashi, sai wani mawaƙi mai suna Ziggy ya bayyana da saƙon bege daga wata halitta ta sararin samaniya, ya ɗaukaka, girman kai ya cinye shi, mabiyansa suka hallaka shi. Daga cikin waɗanda aka gina tauraron a kansu akwai Vince Taylor, mawaƙin rok da ya yi suna a Faransa kafin hankalinsa ya gusa, da wani mawaƙin Amurka da ake kira Legendary Stardust Cowboy, wanda aka aro rabin sunan daga gare shi.

Labarin ba a ɗaure yake tamau ba. Waƙar "Starman" a ƙarshe aka ƙara ta, a watan Fabrairu 1972, da kamfani ya nemi waƙar da za ta yi kasuwa, ta maye gurbin wata waƙar Chuck Berry da aka riga aka ɗauka. Masu magana ma suna sauyawa: a "Five Years" wani mutum ne a kasuwa yana kallon jama'a bayan jin labarin, a "Starman" yaro ne da ya ji baƙuwar murya a rediyo ya kira abokinsa, a "Ziggy Stardust" ɗaya daga cikin makaɗan Ziggy ne yake tuna shi cikin sha'awa da hassada. Abin da ya ɗaure kundin yana wajen faifan. Bowie ya rina gashinsa ja, ya sa tufafin tauraron, makaɗansa suka ɗauki sunan Spiders from Mars, ya riƙa hawa dandamali a matsayin Ziggy. Fitowarsa da "Starman" a shirin talabijin na Top of the Pops ranar 6 ga Yuli 1972 ita ta kai shi gidajen Birtaniya, waƙar ta kai matsayi na 10. Labarin ƙagaggen shahararren mawaƙi shi ya mayar da mai labarin shahararre.

Ranar 3 ga Yuli 1973, a zauren Hammersmith Odeon na Landan, ya sanar daga kan dandamali cewa wannan ne wasa na ƙarshe. Jama'a suka ɗauka ya bar waƙa, alhali Ziggy ne ya ajiye. Wannan ruɗani shaida ne na nisan da aron ya yi, tun da masu sauraro sun kasa raba mai aro da abin da ya ara.

7.0 Abin da Manazarcin Hausa Zai Tsinta

Aron baki ba baƙo ba ne a adabin Hausa. 'Yan kama suna shiga rigar malamai su yi wa'azin abinci. Yara a wasannin tashe suna rera waƙa da bakin tsoho mai gemu ko na mai magani. Ɗanmaraya Jos ya gina waƙoƙi a kan rayuwar talakawa irin su karen mota. A yau kuma akwai waƙoƙin fina-finan Hausa, inda wani ke rubutawa, wani ya rera a situdiyo, wani ɗan wasa ya motsa baki a gaban kyamara, kalmomin kuma na tauraron labarin ne. Idan aka ce "mawaƙi ya ce" a nazarin irin wannan waƙa, mutum huɗu aka dunƙule a kalma ɗaya.

Ta la'akari da abin da aka gani a waƙoƙin Bowie, ana ba da shawarar abu uku. Na farko, kafin a fitar da jigo ko turke a tantance mai magana da wanda ake yi wa magana a kowane ɗa ko baiti, a kuma lura da inda suka sauya. Na biyu, a auna tazarar da ke tsakanin furucin tauraro da matsayin mawaƙi, ta hanyar duba ƙarshen labari da yanayin kiɗa da karin murya, kafin a jingina wa mawaƙi wata aƙida. Wannan ya wuce batun aji, domin mawaƙi kan fuskanci zargi ko hukunci a kan kalmomin da ya sanya a bakin wani. Na uku, idan waƙa ta fito a cikin kundi ko fim, a duba maƙwabtanta, domin jerin waƙoƙi da hoton bangon kundi da shigar mawaƙi duk suna ɗauke da wani kaso na ma'ana.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi David Bowie daga "Liza Jane" ta 1964 zuwa kundin Ziggy Stardust na 1972, ta nuna cewa abin da ya haɗa waɗannan ayyuka masu mabambantan kiɗa shi ne dabarar aron baki. Ya fara da kwaikwayon muryar mawaƙan Amurka da na Landan, ya koma ƙagar taurari a kundin 1967, ya raba muryarsa biyu a 1969 da 1970, sannan ya sa tauraron a jikinsa a 1972. Ta wannan fuska kundin 1967, wanda kasuwa ta ƙi, yana da matsayi babba a tarihin fasaharsa, domin a cikinsa ya fara gwada magana da bakin tsoho da mai kisa da mai da'awar ceto. An kuma nuna cewa tambayar "wa ke magana?" ta cancanci gurbi na musamman a hanyoyin feɗe waƙar Hausa, tsakanin tarihin mawaƙi da fitar da jigo. Fagen da ya fi buƙatar a gwada ta a yanzu shi ne waƙoƙin fina-finai da kundayen mawaƙan zamani.